Turmi da Tarwaɗa a Siton Shinkafa

Duk Sallar da kuka taru a gidan nan sai kun tayar da zancen nan, ku yi ta ƙyaƙyata dariya, wai ranar da Umma ta buɗe baki ta jawo wa Tudun Wada asarar kofi. Har jikokina da ba a haifa ba a lokacin sun iya kwaikwayon muryata. To ku yi dariyarku, ni ma ina yi. Amma abin da kuke faɗa rabin labari ne, rabin ma kun karkata shi. Ba faɗuwa na yi ba, ba tsoro ne ya sa ni ihu ba, kuma fushin da kakarku Inna ta yi da ni ba don na hau takalmin taya ba ne. Tunda Allah ya ara mini kwana, ga hannu yana iya riƙe biro, bari in shimfiɗa muku shi yadda ya faru. Wanda ya ga dama ya ci gaba da dariyarsa bayan ya karanta.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu ba ku ɗauka da nauyi ba. Yayarku ita ce 'yar farina. A danginmu, tun can ƙauyenmu na asali da ruwan Tiga ya cinye ina ƙarama, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai dai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunya ce, da ita ake gane 'yar gidan mutunci, ni kuwa na iya ta har misali ake yi da ni a unguwa. Ranar da aka yaye ta Inna ta zo daga Tiga ta goya ta ta tafi, shi ke nan ta zama tata. A can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce mini Yaya Dije, ita ma ta ɗauka. Ni kuma in dole ta kama in ambace ta sai in ce 'yar Inna. In ta zo hutu ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Ta yi makaranta, ta zama malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata, ta yi aure, ta haihu, duk ina daga nesa ina satar kallo. Ku kuwa da kuka biyo baya na goya ku, na zage ku, na rungume ku son raina, tana gani.

A shekarar da nake ba ku labari, an gama kwashe shinkafa an sayar, siton babanku na bayan gida ya zauna wayam. Kun san shi, dogo ne mai faɗi, ga katanga har sama, ga rufin kwano, daɓen simintinsa kuwa sumul saboda shanya. Makullinsa a hannuna yake, don ni nake kula da matan da suke turara mana shinkafa. Wata rana bayan la'asar babanku ya shigo yana dariya shi kaɗai.

"Dije, 'yar Inna ta aiko. Wai aron sito take so."

"Shinkafa ta fara saye?"

"Ina fa. Wasa za su yi a ciki, da takalmi mai taya."

"Takalmi mai me?"

"Taya, irin ta mota, sai dai 'yan ƙanana. Kuma mata zalla. Ta ce ko ni ba za a bari in leƙa ba. A sitona!"

"To Malam, me ka ce mata?"

"Na ce ta tambayi mai makulli. Ta ce in tambayar mata."

Haka muke da ita, magana sai ta zagaya ta bakin wani. Ashe an tura ta wani kwas na malamai a Masar, a can ta ga mata da lulluɓinsu suna wannan wasa, ta dawo abin ya shiga ranta. Ta yi ta bin 'yan gwanjo a Kano tana tsinto takalman ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na miƙa makulli na ce Allah ya kyauta.

Ranar Asabar suka zo. Na ce bari in leƙa kada su fasa mini ma'auni, ban san ƙafata ce na kai inda ba za ta fito ba. Wayyo, 'ya'yana, da kun ga abin da na gani! Matan aure ne fa, ba yara ba. Ga malamai, ga wata nas, ga mai awarar bakin tasha, ga Talatu tela da muke gaisawa kullum a matsayin mace mai hankali. Kowacce da dogon wando da riga har gwiwa, ɗan hijabi a ciki, a sama kuma hular kwano irin ta 'yan acaɓa, an ce daga Ƙafin Maiyaki aka saro musu. A gwiwa da gwiwar hannu sun ɗaura soso da Talatu ta ɗinke cikin tsohuwar roba. An zana musu hanya a ƙasa da fenti, zagaye mai kamar ƙwai. Aka busa usur, sai sito ya ɗauki ruri kamar an kunna injin niƙa guda goma. Na dafe ƙirji ina salati. Sai ga wata siririya ta sunkuya ta shige tsakanin mata huɗu kamar ba ta da ƙashi, ta fita ta ɗaya gefen tana dariya. Wallahi sai da ta sake zagayowa na gane ita ce. Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ran nan.

Ba a jima ba mai awara ta yi sama ta dawo da kwankwaso, tim! Aka duba, ashe ƙwayar shanshera ɗaya ce, shinkafa mai ɓawo, ta maƙale a taya. Ƙwaya ɗaya tal. Na ce ku matsa, wannan kuma fagena ne. Na ɗauko tsintsiyar laushi na bi daɓen lungu-lungu, don na san duk tsagar da shinkafa take ɓuya. Daga ranar na zama mai shara, kuma da wannan hujja nake zama in yi kallo har a tashi. Talatu ce ta fassara mini wasan, tana haki tana shan ruwa.

"Yaya Dije, kowane ɓangare mutum biyar. Huɗu su ne katanga, ɗaya ce mai tauraro a hula. Mai tauraro ita ke neman hanya, in ta kutsa ta zagayo, duk matar da ta wuce ta abokan karawa maki ɗaya ne. Katanga kuma aiki biyu gare ta, ta tare tasu, ta buɗe wa tamu."

"Da duka?"

"A'a! Ba hannu, ba gwiwar hannu, ba taɗiya. Ƙugu da kafaɗa kawai."

"To ai wannan turereniyar bakin famfo ce, kuka sa mata taya."

Ta tuntsire da dariya ta faɗa wa sauran, sunan kuwa ya bi wasan. Akwai sunansa na Turanci da bakina ya ƙi kamawa har yau, amma daga Bebeji har Doguwa turereniyar taya ake cewa, kuma ni na raɗa.

Wani abu da ya ƙara sace mini zuciya shi ne kowacce tana da sunan fage, ba a kiran kowa da sunan yanka in an shiga zagaye. Talatu ita ce Barkono, nas ɗin nan Allura, yayarku kuma Tarwaɗa, saboda santsi. Na kwana ina juya abin. Tarwaɗa ai kifi ne, tun ina yarinya nake kiransa a bakin dam, babu kunya tsakanina da kifi. Asabar ta gaba da ta kutsa katanga ban san sanda na ɗaga tsintsiya sama ba.

"Tarwaɗa! Shige, Tarwaɗa!"

Ta waiwayo ta dube ni, har ta kusa cin karo da bango. Ni kuma na sunkuya na kama share inda babu datti. Amma daɗin da na ji ran nan, ko ranar da babanku ya kai ni Makka sai dai su yi kunnen doki.

Kafin a ce me, labari ya bazu a tsakanin mata. Malaman da suka yi makaranta da ita suka kafa tasu ƙungiyar a Ƙafin Maiyaki, wasu a Bebeji, sai kuma matan Doguwa, waɗanda hawan dutse da kaya a ka ya mai da cinyoyinsu kamar taɓarya. Duk nan suke zuwa, don babu mai daɓe irin namu. In Asabar ta yi sai ka ga mota ta sauke mata da buhunan takalma, 'yan kallo su cika gefe a kan tabarmi, ga zoɓo ga awara ga guɗa. Wata tsohuwa muka ajiye a bakin ƙofa da sanda, ko ɗan da ya fara wayo ba ya shiga. Aka shirya a kara da juna har a fitar da gwanaye kafin sabuwar shinkafa ta karɓe sito. Babanku yakan zauna a waje a kan benci yana jin ruri, in na fito ya ce, "Yau wa aka kayar?" Ni kuwa in tsaya in kwatanta masa da ƙuguna har tuwo ya kusa kamawa.

Ina cikin wannan farin ciki na ji maganar da ta sauya mini shekarar. Wata rana da hantsi na shiga shara tun kafin a taru, ina bayan tarin buhunan wofi, sai ga yayarku sun shigo da Talatu suna ɗaure takalma. Ba su gan ni ba.

"Da gaske an mai da maigidanki Fatakwal?"

"Da gaske. Da an gama wasan ƙarshe za mu tashi."

"Kai, Fatakwal da nisa. Ummanki za ta yi kewa."

"Wace Umma? Yaya Dije?" Ta yi 'yar dariya. "Talatu, ni ban ma tabbata ta san sunana ba. Na kifi ta sani."

"Haba, kunya ce. Kin fi kowa sani."

"Na sani, ba kuma haushinta nake ji ba, haka aka raine ta. Amma ke kin san yadda sunanki yake a bakin uwarki. Ni ban san nawa ba. Sau ɗaya kawai nake so in ji, ko da zagi ne ya biyo baya."

Na tsaya riƙe da tsintsiya. Na ji zafi, na ji haushi, na ji tausayi, duk a lokaci guda. Ni da na zaɓi sunan nan da kaina na raɗa wa ƙanwar babanku a kunne ta kai masa kamar ita ta zaɓa! Da suka shiga zagaye na sulale na koma ɗaki, na rufe ƙofa, na ce bari in gwada faɗarsa ni kaɗai. Kun san me? Ya ƙi fitowa. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Abin da ka shekara talatin kana haɗiyewa ba ya fitowa don ka ce ya fito. Ga shi kuma lokaci ya ƙure, in ta tafi Fatakwal da wannan magana a ranta, ban san ko za mu sake samun wuri irin wannan ba.

Sai na tuna da majajjawa. Wata dabara ce a wasan, 'yar katanga ta miƙa hannu baya, mai tauraro ta kama, sai a finciko ta a wurga ta gaba da ƙarfi. Na ce a raina, duk duniya wuri ɗaya ne zan riƙe hannun yarinyar nan ba a ce na yi rashin kunya ba, shi ne cikin zagayen can. In hannu ya saba, wataƙila baki ya biyo. Na sami babanku yana alwala.

"Malam, takalmin nan nake so in hau."

Ya ajiye buta ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Dije, ke da ko kujera sai an zaɓa miki mai ƙwari?"

"Ai ba ɗaukata za a yi ba."

"Kina da jika fa."

"Jikar ma uwarta nake so in kama."

Babanku mutum ne mai barkwanci amma ba wawa ba ne. Ya ce, "To Allah ya tsare mini daɓe."

Kada in ja ku da nisa da labarin koyo. Na faɗi ta baya, na faɗi ta gaba, na faɗi a tsaye ba tare da kowa ya taɓa ni ba. Mazaunaina suka yi baƙi, sallah ma a zaune na yi ta wasu kwanaki. Talatu ke riƙe ni muna zagayawa kamar mai koyon tatata, ina zaginta tana dariya. Ita kuwa Tarwaɗa, malamar tamu, ba ta iya yi mini gyara kai tsaye, sai ta tsaya a tsakiya ta ce wa iska, "A lanƙwasa gwiwa. A daina kallon ƙasa." Kowa ya san da wa ake. Amma ranar da na iya tsayuwa, sai aka gane Allah bai yi mini wannan jiki a banza ba. Shekarun da na yi ina juya shinkafa a tukunyar turarawa da ɗaga buhu sun ajiye mini ƙugu. Allura ta taho da gudu ta buge ni, ita ce ta koma baya ta zauna daɓas. Sito ya ɗauki ihu, Talatu ta ce, "Wannan ai Turmi ce!" Ni da aka yi ta tsokana da ƙiba tun ina amarya, ga shi yau ana rububin a sa ni a katanga. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar da muka fara gwada majajjawa na miƙa hannu baya ina kallon gaba, sai na ji ta kama. Hannu siriri, mai ƙarfi, da wani tabo a gindin babban yatsa da ban san da shi ba, ban san a ina ta samu ba, ban san wa ya lallashe ta ran da ta ji ciwon ba. Rabon da in riƙe hannun nan tun yana iya zagaye yatsana ɗaya. Na wurga ta da ƙarfin da ya fi kima, ta tafi kamar an harba ta. Da ta zagayo ta ce wa iska, "Wannan majajjawar ta yi." Ni ma na ce wa Talatu, "Hannun ba laifi." Daga nan ba a raba mu. Mun ci Bebeji, mun ci Ƙafin Maiyaki, duk inda aka ji Turmi sai a ce ina Tarwaɗa. Hannu ya saba, amma bakin nan ya ƙi.

Ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe sai ga Inna daga Tiga da ƙullin busasshen kifi, ba ta aiko tana zuwa ba. Ta zauna a tabarma, ta ƙi shan ruwan da na kawo.

"Dije, wata magana na ji."

"Inna, in ta taya ce..."

"Taya? Ki hau jirgi ma in kin ga dama, ƙafarki ce. An ce kina riƙe hannun yarinyar nan a gaban jama'a."

"Wasan ne ya zo da haka, Inna."

"Wasa. Uwata ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah, ni ban kama na yayanki ba. A kanki za a fara?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce za ta zauna ta gani da idonta. Ranar wasa kuwa aka shimfiɗa mata darduma a sahun gaba.

Mu 'yan Tudun Wada da Doguwa ne. Ban taɓa ganin sito ya cika haka ba, har kan tagogi mata suka hau, zafi kamar gidan burodi. Matan Doguwa suna da wata 'yar katanga da suke kira Guduma, wadda ita kaɗai ce ta taɓa sa ni ja da baya. Aka yi ta gwabzawa, mu ci su ci, gumi ya jiƙa mini hijabi har yana ɗiga a ido. Aka zo zagayen ƙarshe maki ya yi daidai, wadda duk mai tauraronta ta fara wuce mutum ɗaya ta ɗauki kofi. Aka busa usur. Guduma da mutanenta suka haɗe kafaɗa suka toshe hanya, Tarwaɗa ta gwada dama, ta gwada hagu, babu ko kafar allura. Na ce bismillahi, na sunkuya, na tattara duk shinkafar da na ci a rayuwata na kai wa Guduma ƙugu. Ta tafi tangal-tangal ta fita daga layi. Hanya ta buɗe! Na miƙa hannu baya, na ji tabon nan a tafina, na wurga.

Ta tafi, 'ya'yana, ta tafi kamar iska. Ta zagayo, saura taku kaɗan ta wuce matar da ke bayan katangarsu wasa ya ƙare. Sito gaba ɗaya ya miƙe tsaye ana Tarwaɗa, Tarwaɗa. Ni kuwa bayanta nake kallo yana nisa da ni, sai na ga kamar motar Fatakwal ce take tafiya da ita. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, na buɗe baki in ce Tarwaɗa, sai abin da ya shekara talatin a maƙogwarona ya ɓalle, da muryar da nake kiran awaki daga bayan gari.

"Bilkisu!"

Da ta ci gaba da tafiya, da kofin nan yana ɗakina yanzu. Amma yarinyar da Inna ta raina ce, an koya mata in babba ya kira a bar abin da ake yi. Ta taka birki har taya ta yi ƙara, ta juyo, ta zube a kan gwiwoyinta a tsakiyar zagaye, da hular kwano da tauraro da komai.

"Na'am."

Mai tauraron Doguwa ta wuce ta fuu, ta wuce Allura da ta saki baki tana kallo. Usur ya tashi. Matan Doguwa suka kaure da guɗa, Talatu ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni dai na gangara a hankali har inda take.

"Kirana kika yi?"

"Ni na kira ki."

"Me zan yi miki?"

"Ba komai. Tashi ki je ki ci wasanki."

Ta dube ni, hawaye yana bin igiyar hular kwano, tana dariya.

"Ai an riga an busa, Umma."

To kun ji. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a ƙasa na rungume ta, hulunanmu suna karo ƙwal-ƙwal, ina ta maimaita sunan kamar mai biya karatu. Guduma da kanta ta zo ta tsaya a kanmu tana sharar ido, ta ce da ta san haka ne da ta matsa tun farko. Da na ɗago na duba sahun gaba, darduma tana nan, Inna ba ta nan.

Wannan shi ne ɓangaren da ba kwa faɗa in kuna dariya. Inna ta hau mota ta koma Tiga ba sallama. Na aika mata shinkafa ta dawo da ita. Na je da kaina na durƙusa, ta amsa gaisuwata tana kallon tukunya, a nan na ɗanɗana abin da na yi shekaru ina ba wata. A unguwa ma an daina misali da ni, wasu tsofaffi har suka mutu ba su sake zama kusa da ni a gidan biki ba. Wannan bai dame ni ba kamar na Inna. Sai da damina ta wuce, wata rana ina tsince mata wake, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Ke kin haifi shida, biyar suna ce miki Umma. Ni nawa duk sun watse, ita kaɗai ta rage mini. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na ɗaure mata yatsa ran da wuƙar kifi ta yanke ta. Sunan nan, a bakina kaɗai yake da muryar uwa. Shi ma sai da kika karɓe."

Ashe ba al'ada take karewa ba, 'yarta take karewa. Na yi kuka na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma har Allah ya karɓi ranta ba ta sake zaunar da ni ta tsefe mini kai muna hira kamar da ba. Kada in ji ɗayanku ya ce kakarsa ta yi son kai. Ita ta yi wahalar, ni na zo da rana tsaka a kan taya na ɗauki rabona. Da za a mai da ni ranar, zan sake kira, sai dai da na fara zuwa Tiga na roƙe ta aron sunan kafin in kama shi.

Kofin yana Doguwa, Talatu kuwa har gobe in mun haɗu sai ta ce in biya ta. Gwiwa ta hana ni hawa yanzu, na koma kan tsintsiyata, ƙanana ne suke turereniyar. Bilkisu ta tafi Fatakwal kamar yadda aka tsara. Ga shi na rubuta sunan da hannuna, ku duba da kyau, ban mutu ba. Duk Juma'a nake kiranta a waya, kuma ba na fara sallama sai na faɗe shi. Na lura takan yi ɗan shiru kafin ta amsa, har na zaci layin ne ba kyau. Ran nan na gaji na tambaye ta.

"Ke wai me yake hana ki amsawa da wuri?"

"Umma, bari nake ya gama shiga kunnena tukuna."